Kebul ɗin alminiyam da ya yi ta ƙonewa a baki, tsakiyarsa kuwa lafiya lau

## Wurin da kayan da aka saka

Ƙaramar ma'aikatar katako ce: injin tsaga katako, injin fere shi ya yi sumul, injin zuƙe ƙura, sai fitilu. Wutarsu mai layi uku ce, bolt 400 tsakanin layi da layi. Ana jawo ta ne daga wani akwati da ke maƙale a bangon waje na babban gini, tazarar mita 90 daga wurin aikin. In duk injinan suka tashi lokaci guda, kowane layi kan ja amfiya 55 zuwa 60. Birekar da ke tsaron kebul ɗin, wato na'urar da ke katse wuta in an ja fiye da ƙima, tana cikin wancan akwati na bango, mai amfiya 63 ce. Ni ban shigo maganar ba sai a wata na 15 bayan an ba da wuta. Abin da ya gabaci haka daga bakin mai wurin na ji shi, da bakin mai gyaran wutar da ya yi musu aikin tun farko, da kuma ɗan littafin da suke rubuta ranakun da aiki ya tsaya.

A takardar aiki kebul na jan ƙarfe aka rubuta, wato abin da masu aikin wuta ke kira kofa, mai kaurin murabba'in milimita 16. Da aka zo saye aka ga ya yi tsada, sai aka koma ga alminiyam mai murabba'in milimita 25, jijiya huɗu, wato wayoyi huɗu a cikin kebul ɗaya, da rufin roba irin PVC.

Bari a ajiye lissafin wannan musaya tun yanzu, domin nan gaba za a yi ta jayayya a kansa. Tun 1913 aka ɗauki tataccen jan ƙarfe mai laushi a matsayin ma'aunin yadda ƙarfe ke ɗaukar wuta, aka ba shi maki 100. A wannan ma'auni alminiyam na da kusan 61. Ke nan in ana so wayar alminiyam ta yi aikin ta jan ƙarfe, sai an ƙara mata kauri kusan ninki 1.6, kuma 25 ɗin da aka saya ya yi daidai da wannan. Turjiyar jijiya ɗaya a tsawon mita 90, wato yadda take hana wuta wucewa, kusan om 0.10 ce a duka biyun. A wajen nauyi kuwa alminiyam ya yi zarra. Ƙarfen da ke cikin jijiyar jan ƙarfen zai kai kilo 13, na alminiyam ɗin kuwa, duk da kaurinsa, kilo 6 ne da 'yan kai. Shi ya sa manyan wayoyin da ke ratsa daji a kan dogayen turakun lantarki kusan duk alminiyam ne, da zaren baƙin ƙarfe a tsakiya don ya riƙe nauyi.

Ga yadda aka haɗa bakunan kebul ɗin biyu. A akwatin bango, an cusa kowace jijiya cikin log na jan ƙarfe, wato ɗan bututun nan mai harshe da rami da ake ɗaure waya da shi. Aka doka bututun da guduma ya matse, aka ɗaure harshen a jikin bireka da noti na baƙin ƙarfe. A cikin wurin aikin kuma an zura zaren wayar tsirara ƙarƙashin sukurorin tagulla na babban makunni. Tagulla a nan ina nufin gaurayen jan ƙarfe da tutiya, mai launin ruwan ɗorawa. Ba a goge zaren ba, ba a shafa masa komai ba. Aka ba da wuta, komai ya tashi.

## Wata na 7 zuwa na 9: ɗaure noti

Wata shida aka yi ba a ji ko tari ba. A na bakwai fitilu suka fara lumshewa duk lokacin da injin fere ya tashi. Sai kuma wani wari, wanda yaron shago ya ce kamar an bar bokitin roba kusa da murhu, yana fitowa daga wajen makunni da yamma bayan an wuni ana aiki.

Mai gyaran wuta ya zo a farkon wata na 8. Ya kashe wuta, ya sa sukudireba a sukurorin makunni, sai ya ji biyu daga ciki sun juya fiye da rabin zagaye ba tare da wani ƙoƙari ba. A akwatin bango ma notunan sun saki. Ya rantse shi da hannunsa ya ɗaure su tamau ranar farko, kuma babu dalilin ƙaryata shi. Ya sake ɗaure su, wannan karon har da ƙarin ƙarfi don kada su kuma. Wari ya ɗauke, fitilu suka daidaita.

Mako biyar wannan gyara ya yi. A na shida wari ya dawo. Aka sake ɗaurewa, bai cika mako uku ba. A karo na uku, da aka juya sukurun layi ɗaya, zare biyu daga cikin bakwai na jijiyar suka tsinke, sun baje kamar an taka su.

## Wata na 10: canza bireka

Daga nan bireka ta fara faɗuwa, galibi bayan awa biyu ko uku da fara aiki. In an bar ta ta huce minti ashirin sai ta karɓa. Littafinsu ya nuna faɗuwa 11 a cikin mako biyu. Mai gyara ya sa mitar awon amfiya ya ga 48, ƙasa da 63 da aka rubuta a jikinta. Ya ce birekar ta gaji. Aka sayo sabuwa mai 63, ita ma ta bi sahun 'yar uwarta a kwana na huɗu. Sai aka cire ta aka saka mai amfiya 80.

Faɗuwa ta tsaya. A makon nan kuma aka murɗa na'urar da ke tsaron moton injin fere zuwa ƙarshen lambarta, domin ita ma ta fara tsayar da aiki.

## Wata na 12 zuwa na 14: ƙari da jan ƙarfe, da ƙonewar moto

A wata na 12 robar layi na 1 da na 3 ta ƙone a akwatin bango, ta yi baƙi ta farfashe kusan tsawon taƙi guda. Aka yanke wurin da ya ƙone. Yanzu jijiyoyin biyu ba sa kaiwa ga bireka, sai an yi musu ƙari.

Mai gyara ya yanko guntayen wayar jan ƙarfe. Niyyarsa ya liƙe su da alminiyam ɗin da dalma, kamar yadda ya saba yi wa kofa da kofa. Ya ba ni labarin da mamakinsa har yanzu a fuska: dalmar ta narke, ta kama jan ƙarfen lakadan, amma da ta taɓa alminiyam sai ta dunƙule ta gangaro kamar ɗigon ruwa a kan ganye. Ya ƙara wuta, ya ƙara dalma, ba ta kama ba. Daga ƙarshe ya murɗe wayoyin biyu da filaya, ya naɗe su da siririn zaren jan ƙarfe, ya rufe da baƙin tef. Guntun jan ƙarfen yana sama, ya sauko daga bireka. Alminiyam yana ƙasa.

Bayan mako uku damina ta sauka. Robar murfin akwatin ta daɗe da bushewa, ruwa na ɗiga ta sama.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wata rana a wata na 14, injin fere na tsakiyar aiki, mahaɗin layi na 3 ya rabu. Moto mai layi uku in ya rasa layi ɗaya yana cikin gudu ba ya tsayawa nan take. Yakan ci gaba da juyawa a kan biyun da suka rage, yana gurnani, yana jan wuta fiye da ƙima. Na'urar da ya kamata ta kashe shi an riga an murɗe ta. Kafin a ankara hayaƙi ya turnuƙe, koyil ɗin ya ƙone, a ɗakin da ƙurar katako ta rufe kowane lungu. Allah ya tsare, wuta ba ta kama ba. Aiki ya tsaya kwana 9 ana jiran a sake naɗin moto. Mai gyara ya sake murɗe layi na 3, ya sa sabon tef.

## Farkon wata na 15: kebul ɗin da ya zo da rigar jan ƙarfe

Mai wurin ya yanke shawara: alminiyam ne ya cuce shi, za a tone shi gaba ɗaya a saka kofa. Ya samo wani kebul mai murabba'in milimita 16 da sauƙin da ya ba shi mamaki, ya karɓo guntun mita ɗaya don gwaji. A nan ne aka kira ni, don in duba ko kaurin zai isa.

Ido bai ga aibu ba. Zaren ja ne yana sheƙi. Mai wurin har ya ɗora masa maganaɗisu ya nuna mini bai kama ba, alamar babu baƙin ƙarfe a ciki. Na ce masa, "Maigida, ai alminiyam ma ba ya kama maganaɗisu. Haka dalma, haka tutiya, haka kuza. Wannan gwaji baƙin ƙarfe kaɗai yake tona wa asiri."

Muka feɗe robar muka ɗora zaren a kan ƙaramin sikeli. Mita ɗaya na jan ƙarfe mai wannan kauri ya kamata ya yi wajen giram 140. Sikeli ya nuna 56. Na ɗauki wuƙa na kankare zare ɗaya, sai jan ya tafi, fari ya bayyana a ƙasa. Alminiyam ne aka sa wa siririyar rigar jan ƙarfe. Irin wannan waya tana da wuraren da aka yi ta dominsu, kamar wasu wayoyin eriya, amma da an binne ta a nan, da an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Turjiyarta a mita 90 za ta kai om 0.15, ƙarin rabi a kan kebul ɗin da ake shirin tonewa.

Mai wurin ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, yanzu ina mafita?" Na roƙe shi kwana ɗaya kafin a taɓa shebur.

## Tsakiyar wata na 15: awo, injina na aiki

Aka tada duk injinan, aka bar su awa biyu. Kowane layi na jan kusan amfiya 58. Zafin iska digiri 30 a ma'aunin Selshiyos. Na'urar awon zafi daga nesa takan yi ƙarya a kan ƙarfe mai sheƙi, don haka tun kafin a ba da wuta na manna ɗan baƙin tef a duk inda zan auna.

Inda kebul ɗin ya fito fili, nesa da bakunansa, zafin jikinsa digiri 46. Robar PVC an yi ta ne ta jure har 70. A akwatin bango kuwa mahaɗin layi na 1 ya nuna 131, na layi na 3 ya nuna 93, tsohon log na layi na 2 ya nuna 71.

Sannan na auna wutar da ke zubewa a kowane mahaɗi, tsinken na'urar awo ɗaya a gabansa, ɗaya a bayansa. Don a samu abin kwatance: mita ɗaya cur na wannan jijiya, a wannan amfiya, milibolt 65 yake ci (milibolt 1,000 ne bolt ɗaya). Layi na 2 ya ci 95. Layi na 3 ya ci 210. Layi na 1 ya ci 640, wato abin da kusan mita 10 na kebul zai ci, an tattara shi a wurin da bai fi tsawon ɗan yatsa ba. In aka ninka bolt 0.64 da amfiya 58 za a samu wat 37. Ƙaramin ƙarfen liƙin dalma ke nan, a kunne, naɗe cikin tef, tun safe har yamma. A makunnin ciki adadin ya kama daga milibolt 60 zuwa 150.

Wannan awon ya warware maganar bireka ma. A cikin bireka akwai wani ɗan falle na ƙarafa biyu da aka manne, waɗanda zafi ke miƙar da su ba daidai ba, sai fallen ya lanƙwashe ya saki maɗauri. Fallen bai san daga ina zafi ya zo ba. Zafin mahaɗin ne ke bin harshen jan ƙarfe ya shiga cikinta, shi ya sa take faɗuwa a amfiya 48.

## Abin da aka gani da aka yanka mahaɗan

Aka kashe wuta, muka yanke duk bakunan muka baje su a kan tebur.

Da na warware tef ɗin layi na 1, wani farin gari mai danshi ya zubo, kamar tokar da ruwa ya taɓa. Jan ƙarfen yana nan, ya ɗan yi duhu kawai. Alminiyam ɗin kuwa ya cinye, zare uku sun zama kamar allura, saura duk ramuka. Ƙarafa biyu mabambanta in suka taɓa juna, ga kuma ruwa mai ɗan gishiri ko datti a tsakaninsu, sun zama ƙaramin batir, kuma ɗayansu ne ke narkewa don ɗayan ya tsira. Tsakanin jan ƙarfe da alminiyam, alminiyam ne ke biyan kuɗin. Jerin da aka yi musu ya ƙara tsananta abin, domin ruwan da ya wanko jan ƙarfe yakan ɗauko ɗan burbushinsa, in ya sauka a kan alminiyam sai ya shuka masa ramuka. Da dole ce ta sa a haɗa su a fili, alminiyam ake sawa a sama. Wannan cuta ba ta ƙananan wurare kaɗai ba ce. Mutum-mutumin 'Yanci da ke New York fatarsa jan ƙarfe ce, sandunan da ke riƙe da ita baƙin ƙarfe, kuma irin wannan cin ne ya lalata sandunan har aka canza su a gyaran da aka yi tsakanin 1984 da 1986.

Tsohon log na layi na 2 muka tsaga shi da zarto a tsaye. A ciki zaren ya yi toka-toka, kuma akwai tazara da ido ke gani tsakaninsa da bangon bututun. Abu biyu suka haɗu a nan.

Na farko fatar alminiyam. Da zarar iska ta taɓa shi, nan take yake yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani. Ita ce ke hana shi ruɓewa, shi ya sa tagar alminiyam ke shekaru a waje ba fenti. Amma fatar tana da tauri ƙwarai, kuma wuta ba ta bi ta cikinta. Alminiyam na narkewa a digiri 660, fatarsa kuwa sai an haura 2,000. Ita ce ta kori dalmar mai gyara, domin dalmar ba ta taɓa ƙarfen ba ko sau ɗaya, a kan fatar take yawo. A mahaɗi, wuta na ratsawa ne kawai ta 'yan ƙananan wuraren da matsi ya fasa fatar. In matsi ya ragu iska ta shiga, wuraren nan sai su rufe ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu shi ne abin da ke rage matsin. Zafi na kumbura kowane ƙarfe, amma kowa da nasa gwargwado. A kowane digiri ɗaya, alminiyam na ƙaruwa da kashi 23 cikin miliyan, tagulla wajen 19, jan ƙarfe 17, baƙin ƙarfe 12. Da safe in aka tada injina, alminiyam na so ya kumbura fiye da bututun da ya kewaye shi ko sukurun da ya danne shi. Babu wurin zuwa, ga shi da laushi, sai ya baje. Da dare in ya huce ya koma, ba ya cika gurbinsa na jiya. Ko babu zafi ma, alminiyam in an danne shi ya daɗe yakan ci gaba da zamewa a hankali daga ƙarƙashin abin da ya danne shi. Tazara ta samu, fata ta rufe, turjiya ta ƙaru, zafin gobe ya fi na yau. Ashe notunan ba warwarewa suke yi ba. Ƙarfen ne ke guduwa daga ƙarƙashinsu, kuma duk ƙarin ɗaurin da aka yi ƙara baje shi yake yi, har zaren ya tsinke.

Mai gyara ya daɗe yana juya tsagaggen log ɗin a hannunsa. Ya ce shekara da shekaru yana wannan haɗi a kan kofa, bai taɓa dawo masa ba. Gaskiya ya faɗa. Jan ƙarfe ya fi tauri, kumburinsa kusan ɗaya da na tagulla, kuma dattin da ke fito masa ba ya toshe wuta kamar fatar alminiyam.

## Ƙarshen wata na 15: gyaran

Ba a tone kebul ba. An yanke kowace jijiya, har da ta huɗu wadda ba a taɓa dubawa ba, sai da aka kai ga ƙarfe mai haske da roba mai laushi, wajen santimita 40. Maimakon a yi ƙari, sai aka saka sabon akwati mai rufin da ruwa ba ya shiga, aka sauko da shi rabin mita, kebul ya shiga ta ƙasa.

Aka sayo log mai ƙarfe biyu: bututunsa alminiyam, harshensa jan ƙarfe. A masana'anta ake haɗa su, a juya ɗaya da gudu ana danna shi a jikin ɗayan har zafin gugar ya manne su, babu ramin da iska ko ruwa zai shiga. Ta haka alminiyam na kebul zai haɗu da ɗan uwansa alminiyam, jan ƙarfe na bireka ya haɗu da jan ƙarfe. Bututun na zuwa cike da wani giris mai hana iska, da 'yar hula a baki.

Mai gyaran ne ya yi aikin da hannunsa, ina tsaye. An feɗe roba a hankali ba tare da wuƙa ta ciji zaren ba, domin alminiyam daga inda aka ji masa rauni yake karyewa. An goge zaren da buroshin ƙarfe mara tsatsa wanda bai taɓa jan ƙarfe ba, aka cusa shi cikin giris ɗin nan take kafin fata ta yi kauri. An matse da injin matsi mai haƙoran da suka dace da lamba 25, aka ajiye guduma. An rufe wuyan log da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, mai gam a ciki. A kan kowane noti an sa washa mai faɗi da wata mai ɗan ƙundu kamar faranti, wadda ke aiki kamar sifirin, tana bin ƙarfe in ya motsa. Sannan aka ɗaure da sifana mai awo, daidai adadin da masu ƙera birekar suka rubuta, aka tsaya a nan.

Makunnin ciki an yi sukurorinsa don jan ƙarfe kaɗai, sai aka canza shi da mai harsuna, aka yi masa irin wannan haɗin. Bireka ta koma mai amfiya 63. Na'urar tsaron moto ta koma lambar da ke rubuce a jikin moton, aka ƙara wata da ke kashe shi in layi ɗaya ya ɗauke. Duk aikin kwana ɗaya da rabi ya ci.

## Bayan gyara

An maimaita awo a irin nauyin farko, amfiya 58 bayan awa biyu. A ranar farko mahaɗai takwas ɗin sun ci tsakanin milibolt 5 da 8, zafinsu bai wuce digiri 49 ba. Bayan wata uku haka. Bayan wata 12, an ratsa damina guda, mafi girma ya nuna 9. Ba a sake taɓa noti ko ɗaya ba. Littafin tsayawar aiki bai samu sabon layi a kan wuta ba, birekar mai 63 ba ta faɗi ba.

## Hukunci

Zaɓen alminiyam daidai ne, kaurin da aka saya ma daidai ne. Mita 90 na kebul ɗin ba su taɓa wuce abin da aka yi su dominsa ba, kuma har yau su ne a ƙasa. Ciwon duka a santimita goman ƙarshe na kowane baki yake, inda aka yi wa alminiyam haɗin kofa.

Tsoron da mai wurin ya ji yana da tushe, ba zan raina shi ba. A Amurka, daga wajen 1965 zuwa 1973, lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada, an yi wa gidaje masu yawa waya da siraran alminiyam har zuwa soket da makunni, aka ɗaure su a sukurorin da aka ƙera don jan ƙarfe. Gobara ta biyo baya. Hukumar CPSC mai kula da lafiyar kayan masarufi a ƙasar ta ruwaito cewa gidan da aka yi wa waya da alminiyam ɗin da aka ƙera kafin 1972 ya fi gidan jan ƙarfe yiwuwar samun mahaɗin da ya kai zafin tada gobara sau 55. Can ma a mahaɗi abin yake. Daga baya aka fito da gaurayen alminiyam na jerin 8000, mai ɗan baƙin ƙarfe a ciki don rage zamewa, da kayan haɗi na musamman. Duk da haka, siririyar waya mai mahaɗai barkatai a cikin bangon ɗakin kwana, ni jan ƙarfe zan ce a saka. Babban kebul mai baki biyu kacal, waɗanda ake iya buɗewa a auna, wannan wurin alminiyam ne.

Mai gyaran bai yi ha'inci ba, ya yi abin da aka koya masa ne a kan ƙarfen da ba shi aka koya masa ba. Inda nake ganin laifinsa shi ne sake ɗaure noti karo na biyu da na uku ba tare da ya tambayi dalilin sakinsu ba. Awon da ya tona komai bai ci awa uku ba, da mitar da tun farko tana cikin jakarsa. Da an yi shi a wata na 8, da moto bai ƙone ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wata na 10, kuma a nan mai wurin da mai gyara duk suna da hannu. Bireka ta yi ta faɗuwa sau 11 tana nuna akwai zafi a inda bai kamata ba, aka cire ta aka kawo wadda ba za ta yi magana ba. Wata biyar cur kebul ɗin na ƙarƙashin bireka mai amfiya 80 da ta fi ƙarfinsa, moto ba mai tsaro, mutane huɗu na aiki a cikin ƙurar katako.

Akwai magana ɗaya da ta rage a buɗe. Mai wurin na shirin ƙara injin tsaga na biyu, wanda zai ɗora wajen amfiya 15 a kan kowane layi. Jimla za ta haura 70, kuma murabba'in milimita 25 na alminiyam mai rufin PVC ba zai ɗauki wannan cikin kwanciyar hankali ba. Na rubuta masa cewa kafin injin ya iso sai an ja sabon kebul mai 35 ko 50, gwargwadon yadda za a binne shi, da log mai ƙarfe biyu na wannan lambar, da haƙoran matsi nasu. Ya ce alminiyam zai sake saya.